Yadda zaka zana mutum irin na Misirawan da, da fensir da littafin lissafi kawai

Duk wanda ya taɓa ganin hoton bangon kaburburan Misra na zamanin fir'aunoni ya san tsayuwar nan, fuska na kallon gefe, ƙirji na kallonka, ƙafafu kuma sun sake juyawa gefe, ido ɗaya ƙato a tsakiyar fuska yana kallonka tar. Da yawa in sun gani sai suce ai lokacin ba'a iya zane bane, kai bai waye ba. Toh ba haka bane. Ƙa'ida ce suke bi, da awo da lissafi, ana koyar da ita kamar yadda ake koyar da kowace sana'a, kuma sun riƙe ta kusan shekara 3000. In ka duba allon dutsen sarki Narmer wanda aka sassaƙa wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana nan a gidan tarihi na Alƙahira, zaka ga tsayuwar sarkin ita ce dai wadda ake zanawa har zamanin sarauniya Kiliyofatara. Mutanen da suke iya zana agwagwa da kifi da kyanwa har kaga kamar zasu motsa, bazaka ce jikin mutum ne ya gagare su ba.

Ni a ganina babu hanyar gane abin da ta wuce ka zana da hannunka sau ɗaya. Wanda kuma yake da ra'ayin barin zanen mai rai, ba laifi, ya karanta kawai, zai taimaka masa wajen karanta hotunan in ya gansu.

Kayan aiki ba wasu masu yawa bane. Littafin lissafi irin mai gida-gida na 'yan firamare, fensir, rula, kilina, jan biro da baƙi, sai kala in kana da ita. In babu littafin sai ka ja gidajen da kanka a farar takarda, kowane gida santimita 1, tsawo gida 20 faɗi gida 12 ya isa. Su a bango suke yi, sai a shafe bangon da farar ƙasa yayi sumul, a tsoma igiya cikin jan fenti, mutum biyu su ja ta tayi tsam a jikin bango, a ɗan ɗago tsakiyarta a saki, sai ta bar layi miƙaƙƙe. Har yau a kaburburan da ba'a ƙarasa ba ana ganin layukan, har da 'yan ɗige-ɗigen fentin da ya fantsama lokacin da igiyar ta daki bango. Wannan tsarin gida-gida ya kankama ne wajen shekara 2000 kafin Miladiyya, kafin nan 'yan layuka kawai suke ja a wuraren gwiwa da ƙugu da kafaɗa.

Fara da layin ƙasa, ka kira shi 0, kuma ka ja shi da kauri domin a zanensu mutum baya shawagi a iska, dole tafin ƙafarsa ya zauna daram akan layi. Daga nan ka ƙirga sama ka sa lamba har 18. Layi na 18 ba tsakar ka bane, goshi ne, daidai inda gashi yake farawa. Dalili kuwa mai sauƙi, wani yana sanye da doguwar hular sarauta, wani gashin kanti, wani ƙwalkwal, in akace za'a auna har ƙololuwa lissafin rikicewa zai yi, shi yasa suka tsaya a goshi, abin da ya hau sama kuma ya hau. Sai ka ja layi ɗaya a tsaye a tsakiyar takardar, shi zai bi ta kunne ya raba gangar jikin biyu.

Yanzu sai alamomi, ka sa ɗan ɗigo da jan biro a kowane wuri kafin ka fara zana komai. Saman gwiwa a layi na 6, wato kashi ɗaya cikin uku na tsawon kenan. Ƙasan mazaunai a layi na 9, rabi cif. Tsatso, wato inda baya yake lotsawa, wajen layi na 11, cibiya ma nan kusa take. Gwiwar hannu in hannun yana saukar ƙasa a layi na 12. Kan nono a 14, hammata tsakanin 14 da 15, inda wuya ya haɗu da kafaɗa a 16, ƙasan hanci wajen 17, goshi 18, sai tsakar ka ta kusa taɓa 19. Kaga 6, 9, 12 da 18 sun fi sauƙin riƙewa, in ka haddace su sauran zasu zo da kansu.

Kai shi ne wurin da hannu yake gardama. Ka juya shi dama, domin su sunfi son mutum ya kalli dama, ka zana shi ta gefe zalla, goshi, hanci, leɓe, haɓa duk su fito a layin waje, kunne ɗaya akan layin tsakiyar nan. Baki rabi ne, kamar yadda ake ganinsa ta gefe. Amma ido, toh nan ne zaka danne abin da ka sani, ka zana shi cikakke kamar mutum na kallonka gaba da gaba, dogo, ƙwayar a tsakiya, gira a samansa tana binsa, sannan ka ja layin kwalli daga ƙarshen idon ya tafi wajen kunne. Kwallin nan ba ƙarin gishirin mai zane bane, da gaske maza da mata suna sawa, kuma baƙin da suke amfani dashi daga dutsen nan mai ƙyalli ne na dalma da ake niƙawa, irin wanda ake yin tozali dashi a wajenmu. Kar ka sa wa fuskar fushi ko dariya ko tsufa, a barta a sake, ba yabo ba fallasa.

Daga layi na 16 sai ka buɗe kafaɗu gaba da gaba, gida 3 hagu gida 3 dama, gida 6 kenan na namiji. Tsakanin hammata da hammata kamar gida 4. Daga nan jikin sai ya dinga tsukewa har zuwa tsatso inda faɗin bai wuce gida 2 da ɗan ƙari ba. Anan akwai dabarar da mutane basa lura da ita, wato kafaɗun ne kaɗai suke kallonka, amma layin ƙirjin na gaba ta gefe aka ɗauko shi, shi yasa kan nono ɗaya tak zaka sa kuma a bakin layin gaba, ko mace ce nono ɗaya ake zanawa ta gefe. Cibiya kuma kar ka sata a tsakiya, ka matsar da ita kusa da layin gaba, ita ce take yaudarar ido ya yarda cewa jikin ya juyo a hankali daga kafaɗa zuwa ƙugu. In ka sata a tsakiya nan take zanen zai yi kama da an yanka mutum biyu an haɗa.

Daga ƙugu zuwa ƙasa komai ta gefe ne. Ƙafar da take nesa da kai ita ce a gaba, in yana kallon dama ƙafar hagu kenan, ya ɗaga taku mai faɗi amma duka tafin ƙafa biyun suna manne da layin ƙasa, dunduniya bata ɗagawa. Tsawon tafin ƙafa kamar gida 3. Sai abin da yafi bawa mutane dariya, ƙafafun biyu duk ta ciki ake zana su, kowacce da babban yatsa a wajenka da lotsawar tafin ƙafa, wato kamar mutum yana da ƙafar hagu biyu. Haka suka yi ɗaruruwan shekaru, sai can cikin daula ta 18, wato gidan sarauta na 18 a jerin gidajen fir'aunoni, aka fara ganin ƙafar kusa da yatsunta biyar a jere. Kai dai a zanen farko bi tsohuwar hanya. Hannu daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu kamar gida 5. Na gaba ka miƙa shi ya riƙe doguwar sanda da ta taɓa ƙasa, na baya ka sauke shi a dunƙule yana riƙe da gajeren sandan mulki a kwance ko ɗan ƙyalle a naɗe. Ka ɗaura masa guntun farin zani daga ƙugu zuwa saman gwiwa, abin wuya mai faɗi da ya rufe kafaɗa, shikenan ka samu babban ma'aikacin fada.

In ka gama, tashi tsaye gaban madubi ka gwada tsayuwar, kai da ƙafa dama, kafaɗu biyu suna kallon madubi sak. Zaka ji ƙugunka na ƙara kuma duk da haka idon bazai yiwu ba. Toh su ma sun san bata yiwuwa. Abin da suke nema daban ne, su kowace gaɓa suna ɗauko ta ne ta inda tafi bayyana, hanci ta gefe yafi fitowa, ido ta gaba, faɗin kafaɗa ta gaba, ƙafa ta gefe, sai a harhaɗa. Mai zanen yana zana abin da ya sani yana nan ne, ba abin da idonsa ya hango daga inda yake tsaye ba. Kuma akwai dalilin aƙida a ciki, da yawa daga zanen nan ba don ado kawai akayi ba, a cikin kabari yake, kuma a imaninsu hoton mutum ko gunkinsa wani jiki ne da kurwarsa zata iya zama a ciki ta karɓi abinci da abin sha in gawar ta lalace. Har wani biki suke yi na buɗe baki, a taɓa bakin gunkin da wasu kayan aiki wai don ya iya ci da numfashi. Wanda ya yarda da haka kuwa bazai so a zana shi da hannu ɗaya a ɓoye bayan jiki ba, ko ƙafa ɗaya ta gajarce don wai tana nesa, kar ya tashi a can da nakasa. Tsoron hoto ya kai har a wasu ɗakunan gawa in za'a rubuta harafin da yake da siffar maciji sai a datse shi biyu kar ya cutar da mamacin.

Mace kusan lissafi ɗaya ne, 18 ɗin dai, sai dai kafaɗa gida 4 zuwa 5, tsatso ya ɗan hau sama, gaɓoɓi sirara, ƙafafu kuma kusa da juna, taku ɗan kaɗan ko babu. Doguwar riga fara mai kama jiki. Wanda yake zaune akan kujera gida 14 ne, kuma in ka duba zaka ga daga ina 14 ɗin ta fito, saman kujera a layi na 5, saman gwiwa a 6, daga mazaunai zuwa goshi kuma gida 9 ne kamar na tsaye, 5 da 9 sun bada 14. Yaro kuma ba'a bashi jikin yara mai ƙaton kai, babba ne aka ƙanƙantar, alamarsa ita ce tsirara, yatsa a baki, da tukku guda da ya sauko gefen kai.

Girma a zanen nan ba nisa yake nunawa ba, matsayi ne. In zaka ƙara mutane a gefen mutumin naka, mai kabarin ya cika bangon daga ƙasa har sama, barori da manoma da masunta kuma ka raba gabansa hawa-hawa da layuka, kowane hawa da nasa layin ƙasan, su kuma ƙanana da gidajen awonsu ƙanana. Wanda yake hawan sama ba wai a sama yake ba. A Abu Simbal, can kudancin Misra, gumakan sarki Ramsis na 2 guda huɗu kowanne ya kai mita 20, matarsa da 'ya'yansa suna tsaye wajen ƙafafunsa ko gwiwa basu kai ba. Amma a ƙaramin ɗakin bautar da ke kusa, Nafartari matar Ramsis tsawonta ɗaya da mijin, wanda ba kasafai ake ganin haka ba, kuma duk wanda ya san ƙa'idar ya gani ya san magana akayi.

Yanzu bi kan zanen da baƙin biro. Su ma haka suke yi, a fara da ja, sai babban mai zane yazo ya gyara da baƙi, sannan masu sassaƙa su bi, masu fenti su zo ƙarshe. A kabarin sarki Horemheb a Kwarin Sarakuna kusa da Luksor aikin ya tsaya a tsakiya, a ɗaki ɗaya zaka ga wani wurin jan zane ne, wani an gyara da baƙi, wani an fara sassaƙa an bari. Fenti kuma shafe ɗaya ne, babu inuwa, babu nan haske can duhu. Namiji ja mai duhu na jar ƙasa, mace ruwan ɗorawa mai haske, gashi baƙi, tufafi fari. Kar ka ɗauka wannan launin fatarsu ne na zahiri sak, shima ƙa'ida ce, duba gumakan Rahotep da matarsa Nofret da aka tono a Maidum a 1871, suna zaune gefe da gefe shi ja wur ita kusan fara. Osiris, abin bautarsu na matattu, kore ko baƙi ake masa, Amun kuma, wani babban abin bautar tasu, sau da yawa shuɗi. Baƙin daga baƙin hayaƙi da gawayi, farin daga alli, shuɗin kuwa haɗa shi suke yi da kansu, yashi da dutsen farar ƙasa da jan ƙarfe da kanwa a gasa a wuta mai zafi sosai sannan a niƙa. Abin da yake riƙe fentin ƙaro ne, wanda duk almajirin da ya taɓa dafa tawada ya san aikinsa. Burushin zanen layi kuma wani siririn karan fadama ne ake tauna bakinsa ya tarwatse kamar aswaki.

Wani abu da ya kamata ka sani kafin ka ɗauka kowa a bangon haka yake a sandare, ƙa'idar tafi matse manya ne. Sarki da alloli da mai kabari su ne basa motsi. Talakawa kuwa mai zane yana sakin hannu, zaka ga mai sanƙo, mai ƙusumbi, makiyayi ramamme haƙarƙari a waje, masu kokawa sun cukuikuye, wani ma an zana kafaɗarsa ta gefe yadda ido yake gani. Nemi hotunan kabarin wani ma'aikaci mai suna Nebamun a intanet, na wajen 1350 kafin Miladiyya, suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A wurin walimar akwai mata masu kiɗa biyu da suka juyo suna kallonka gaba da gaba, kitsonsu na lilo, ga 'yan rawa jikinsu ya lanƙwasa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa sun iya, basu ga dama bane. A wurin farautar tsuntsaye kuma shi Nebamun yana tsaye ƙato akan ɗan kwale-kwale bisa ƙa'ida, matarsa a baya ƙarama cikin kwalliyar biki, 'yarsa a zaune ƙarƙashinsa ta riƙe ƙafarsa, amma kyanwar da ta cafke tsuntsaye da malam-buɗe-littafin da ke yawo an zana su da rai sosai. Sannan tafkin lambunsa, an zana shi daga sama mai kusurwa huɗu, kifaye da agwagin ciki kuma ta gefe, dabarar jikin mutum ce dai aka yiwa ruwa.

Tumbi ma yana da ma'ana. Babban mutum yakan sa a zana shi sau biyu, ɗaya saurayi mai faɗin ƙirji, ɗaya dattijo mai teɓa da ninkin ƙirji, alamar ya ci ya ƙoshi ya riƙe muƙami. Akwai gunkin katako na wani Ka'aper daga Sakkara, mai tumbi da kumatu, da aka tono shi leburorin suka ce wallahi dagacin garinsu ne, har yau Shaihul Balad, wato dagaci, ake ce masa. In kana son gwada irin wannan, lissafin tsawon baya canzawa, layin ciki kawai zaka turo gaba ka ƙara ninki biyu uku ƙarƙashin ƙirji ka tsawaita zanin.

In hannunka ya faɗa da 18, gwada na Akhenaten, sarkin da yayi mulki wajen 1353 zuwa 1336 kafin Miladiyya ya kawo addinin rana ya koma sabon birni a Amarna. A zamaninsa gida 20 akayi, an ƙara a wuya da gangar jiki, sai ƙafa ta zama gajera, wuya dogo, haɓa doguwa, kafaɗa siririya, ciki ya zubo kan zani, cinya da ƙugu manya. Masana sun daɗe suna musu ko ciwo ne ko aƙida, ni dai nafi karkata ga aƙida tunda matarsa da 'ya'yansa da fadawa duk haka aka maida su, kuma yana mutuwa ba'a daɗe ba aka koma 18. Ka lura duk da wannan juyin, kai ta gefe ido ta gaba bai taɓu ba. Can daga baya kuma wajen daula ta 25 da 26 aka canza zuwa gida 21, ana aunawa zuwa fatar ido ta sama.

Girkawa daga nan suka fara, gumakan samarinsu na farko ƙafar hagu a gaba hannu a dunƙule a gefe, tsayuwar Misra ce sak. Sai a ƙarni na 5 kafin Miladiyya suka sake hanya, masu sassaƙa irinsu Polikilaitos suka ɗora nauyin jiki akan ƙafa ɗaya, ƙugu ya karkace, kafaɗa ta karkata ɗaya gefen, wato mutum a wani lokaci guda kamar yadda ido ya kama shi. Wannan hanyar ce ta bi ta Rum ta zo Italiya zamanin masu zane irinsu Liyonado, ita ake koyarwa a ajin zane yau, shi yasa idonmu yake ganin na Misra kamar kuskure. Abin dariya, da mai zane Pikaso yazo a ƙarni na 20 ya haɗa hanci ta gefe da ido ta gaba a fuska ɗaya sai akace sabon abu ne. Gwada zana mutum ɗaya sau biyu a shafi ɗaya, na gida 18 da na karkataccen ƙugu, zaka ga bambancin da kanka.

Don duba aikinka, nemi hoton allon katako na gidan tarihin Birtaniya mai hoton sarki Tutmos na 3 a zaune, gidajen awon suna nan ɓaro-ɓaro, ka ƙirga ka gani ko 14 ɗinka ta zauna inda tasu ta zauna, a gefen allon ma akwai wasu hannaye da wani ya gwada zanawa duk a karkace, da alama ɗan koyo ne. Ɗalibanmu da ke karatu a Alƙahira kuwa gidan tarihin Tahrir na kusa da ku, ku shiga da littafin a hannu.

Sai ka juya mutumin ya kalli hagu, nan ne wahalar take. In ka kifa zanen kawai, sandar da take hannun hagu ta koma dama, kuma su basa son haka tunda kowane hannu da abin da yake riƙewa, shi yasa a wasu bangayen zaka ga gajeren sandan mulkin ya bi ta bayan zani ko kaga an liƙa hannun dama a kafaɗar hagu, babban yatsa a inda bai kamata ba. Kai dai ka kifa shi kawai a karon farko, ka tabbata ƙafar nesa ce a gaba, kuma in zaka ƙara rubutunsu a gefe, tsuntsaye da mutanen cikin rubutun su kalli inda mutumin yake kallo.